Baƙaƙe Huɗu

Kawu Tsahiru bai yi lakkwal ba.
Gyaran rediyo ya iya, a wata rumfar kwano
bayan tashar Ɗan Isa, inda ƙaurin dalma
ke kokawa da hayaƙin tsiren Rabe.
Direbobin Kwatano ke bar masa kaset jingina,
kiɗan jita na Turawa, mai ƙara kamar ana yage langa-langa,
da gangunan da ba su san kakan kowa ba
balle su yi masa kirari.

Shi ya fara lura.
A bayan kwalin, cikin jerin sunayen waƙoƙi,
akwai wata kalma mai baƙaƙe huɗu
da ke ta dawowa kamar mai bin bashi.
Nan tana gaba, can tana ƙarshe,
wani wurin ta maƙale a tsakiya
kamar ɗan kamasho tsakanin buhunan gujiya.
Ya zagaye ta da jan biro. Ya sake. Ya sake.

Ran da Mushe Nomau ya kawo rediyonsa mai tari,
ya gyara tabarau, ya ce Ingilishi ne,
ruwan sama ke nan.
Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa.
"Ashe su ma manoma ne?"

Tun daga nan ya shiga tarawa,
yana kwashe su ɗai-ɗai zuwa kaset guda,
kaset ya cika, ya sayi wani.
Talatin da bakwai, ni na ƙirga masa.
Mushe na fassara, ana biyan shi da shayi:
wannan budurwarsa ta tafi ana ruwa,
wannan yana tsaye a tashar jirgi ya jiƙe,
wannan kuwa roƙo yake ruwan ya tsaya.
"Ya tsaya?" in ji Kawu.
"Wane ɗan halak ke roƙon ruwa ya tsaya?"
Ya mayar da waƙar baya. Ya sake ji.
Bai yafe wa mutumin ba, bai kuma goge shi ba.

Sai shekarar da sama ta yi gum.
Sau biyu muka yi shuka a Tibiri, sau biyu ta ƙone.
Gulbi ya zama filin ƙwallon yara.
Kawu ya bi jama'a roƙon ruwa, ya dawo da ƙafa fari fat,
dare ya yi ya kunna kaset ƙasa-ƙasa.
Inna Cima ta ce, "Tiyar hatsi ta kai inda ta kai,
kai kana nan da kiɗan arna."
Ya ce ba kiɗan yake ji ba.
Jira yake. Duk surutun nan nasu duhu ne a gare shi,
amma in kalmar ta iso, sai ya ɗaga yatsa:
ga ta nan.

Ruwan ya zo bayan kwana goma sha tara,
ba don kaset ba, kowa ya sani.
Ya bi ta hudar rumfa ya sauka kan kwalayen,
jan biro ya narke, ya gangara
kamar lallen da bai kama ba.
Kawu na tsaye a ciki yana dariya.

Yau shekara shida da muka kai shi.
Rumfar tawa ce, waƙoƙi nake zuba wa mutane a waya.
Jiya na buga baƙaƙen nan huɗu, don kawai in gani:
ɗari tara da wani abu suka jeru.
Ban taɓa ko ɗaya ba.

Wata ƴar lise ta miƙo wayarta,
waƙoƙin soyayya take so, na Turawa.
Ta karɓi maɓallan ta rubuta kalmar da kanta.
Na leƙa.
Ita ma huɗu ce.

Hadari na haɗowa ta wajen Madarunfa.
Har yanzu ban toshe hudar ba.